Godiyar da Ta Cinye Binciken Tasalla

"Au, ni ban isa a gode mini ba ke nan?"

"Gwaggo, takardar bincike ce fa, ba gayyatar biki ba!"

"Wa ya ba ki tokar?"

Tasalla ta sani sarai, tokar Gwaggo ce.

A wani gari ne can, a wata shekara, aka ce za a karrama ɗalibin sakandaren da bincikensa ya fi kyau. Tasalla ta daɗe tana gwada abin da ya fi hana ƙwari cin wake, toka ko barkono, ta kuma gano amsa. Sai dai shafuka kaɗan aka yarda a rubuta, ita kuwa bakinta bai iya cewa a'a ba.

Ta goge layi ɗaya na binciken, ta sa godiyar Gwaggo.

Kawu Ɗanjuma ya zo yana huci: "Ni da na ara miki buhu?" Ta goge layi, ta sa Kawu. Mai barkono ta aiko a gaishe ta. Ta goge layi, ta sa mai barkono.

Ranar karramawa dangi suka cika zauren makaranta. Alƙalin gasa ya juya takardar gaba da baya.

"Yarinya, na ga mutanen kirki da yawa. Ina sakamakon?"

"Na goge shi, ranka ya daɗe."

Aka miƙa wa wata ɗaliba kyautar. Tasalla ta sunkuyar da kai.

Daga baya Kawu ya ɗaga murya: "Ai waken ne ya tare wuri, Malam. Da ba don shi ba, da har surukaina sun samu shiga!"