Ɗakin Sabon Siminti

"Ka ci amanata, ɗan nan!"

Goggo ce a ƙofar shagon dillalin, ɗan ƙanenta. Shi ya sayar mata da gidan bayan gari, yana ta yabon ɗakin da aka yi wa sabon siminti.

Daren jiya, Goggo na kwance a ɗakin, karnuka suka yi tsit. Wata tsohuwa ta tsaya a kanta, tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ba a yi ruwa ba.

"Maƙwabciya, matsar da gadonki. A kan ƙirjina kika ɗora shi."

Bakinta bai motsa ba. Daga ƙarƙashin daɓen muryar ta fito.

Goggo ta ci kwalar dillalin. "Wa kuka rufe da siminti? Wallahi ba inda za ni sai ka faɗa!"