Kartar Malama Mashkura

Mashkura na tsakar gida tana tankaɗe, mahaifiyarta Inna Aminat na tsintar shinkafa, sai aka ji sallamar saurayinta Sufyan a zaure. Saurayin da aka sa wa rana ba ya zuwa zance da azahar sai in da magana. Kuma da maganar: mahaifiyarsa, Hajiya Tasallah, ta hana a kawo lefe.

Abin da ya faru, Hajiya ta bi ta gefen firamaren da Mashkura ke koyarwa a Illo za ta kai busasshen kifi kasuwa, sai ta hango surukar tata a gindin darbejiya tana raba wa 'yan aji biyu karta. Ta rantse ba za a kawo mata 'yar caca gida ba.

Sufyan ya marairaice. "Filis, Mashkura, ki bar kartan nan hakanan. Ki ce ma Hajiya kin tuba, a wuce wurin."

"In ce na tuba daga mi? Yaran nan a da in an ce lissahi kuka su ka yi. Yanzu su ka roƙona a shimfiɗa tabarma."

Wasan ba wani abu ba ne. Ana baje kati, yaro ya nemo biyu da za su haɗa goma, bakwai da uku ko shida da huɗu. Da shi yaran da bulala ta kasa suka iya tarawa da ɗebewa. Tana son Sufyan har cikin ranta, amma ba ta iya yi masa ƙaryar tuba, ba ta kuma iya mayar da yaran gidan jiya. Da ya tafi ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Inna ce ta warware mata zare. Ta ce mijin Hajiya, marigayi Namadi, masunci ne na ji da gani, har ya fara tsallakawa ƙasar Binin wurin 'yan caca. A zama ɗaya aka cinye jirginsa da komarsa ta kamun kifi. Sufyan na goye lokacin, kuma da hayaƙin banda Hajiya ta raine shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Washegari Mashkura ta saka hijabi ta nufi gidan su Sufyan. Ta tarar da Hajiya a bakin murhun banda, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, aka amsa da ƙyar. Sai ta ciro kartar daga jaka ta jefa cikin wuta da hannunta.

"Hajiya, wagga da ta ɓata miki rai ta tahi. Amma ba ni ɓoye miki, zan yanka kwali in rubuta lambobi in ci gaba da koya musu. Gara ki ji daga bakina."

Hajiya ta juya kifinta. "Karta karta ta, ɗiyata, ko da ganye anka yi ta. Tashi ki tahi."

Ranar da aka sa ta zo ta wuce ba lefe. Mutanen gari kuwa, da ba a raba su da abin faɗa, suka sa mata suna Malama Mai Karta. Ƙawaye suka ce ta cika taurin kai, miji ake nema ba lambar yabo ba. Ita dai kowace Juma'a sai ta je gaida Hajiya, ta share mata tsakar gida ta dawo, da yamma kuma ta zauna da almakashi tana yankan kwalin da ta roƙo a shaguna. Sufyan ya rame, amma ya ƙi saɓa wa uwarsa, ya kuma ƙi kallon wata.

Wata safiya yara na tsakiyar wasa sai inuwa ta faɗo kan tabarma. Hajiya ce, ta gaji da jin labari a bakin mutane ta zo ta kama abin da idonta. Ta tsaya har aka gama zagaye. Wata yarinya, Fatiha, ta tara kati ya fi na kowa, wani kuma ya tashi da biyu kacal yana ƙwalla.

Hajiya ta nuna shi. "To, shi wanga mi anka ci mai?"

"Ba a cin kowa, Hajiya. Wanda ya yi nasara shi ka komawa kusa da wanda ya kasa ya nuna mai, har sai ya iya."

Kafin ta rufe baki Fatiha ta matsa kusa da yaron, ta zube masa katinta duka a gabansa, ta kama yatsunsa tana ƙirga masa. Hajiya ta daɗe tana kallo. Ta tuna ranar da mijinta ya dawo da ƙafa, ba jirgi, ba wanda ya ko rako shi. Ta goge ido da gefen mayafi ta juya ta tafi. Mashkura ta ɗauka shi ke nan, ta rasa Sufyan.

Ran Asabar sai ga mata da guɗa, akwatunan lefe a ka. A bayansu Sufyan ne da amalanke, baki har kunne, ya lodo kwalayen da Hajiya ke zuba kifi, an kakkaɓe su tsaf.

"Hajiya ta ce in kawo miki. Wai naki sun yi laushi, yara na yage su."

Mashkura ta rungume kwali ɗaya, ƙarnin kifi da komai, ta fashe da kukan daɗi.

Da ta yi ƙaryar tuba, da ta shiga gidan da kunya a ranta. Da ta yi rashin kunya, da ba ta shiga ba sam. Gaskiya ta riƙe, ta haɗa da ladabi da haƙuri, ta samu mijinta, ta kuma samu uwa.