Ɗan Gardi da 'Yar Sawaba

Ranar da 'yan Nijar mazauna Greensboro ta Amurka suka taru a wani lambu don bikin samun 'yancin kai, cikin Agustan 1995, Mourtala ne aka bar wa gashin nama. Hayaƙi na ta sa shi hawaye sai ya ji muryar mace a bayansa.

"Malam, naman nan tun zamanin Turawa yake kan wuta?"

Ya waiga. Doguwa ce, da kayan aikin asibiti a ƙarƙashin mayafinta, tana danne dariya.

"To ki 'yanto shi mana, ranki ya daɗe."

Ta karɓi cokalin daga hannunsa. Kafin a watse ya san sunanta Kouloussoum, ma'aikaciyar jinya ce. Ita ma ta san da safe yana lodin kaya a wani sito da ke titin Wendover, da yamma yana karatun injiniya.

Daga nan waya ta ɗauki zafi. In ya dawo a gajiye sai ya tarar da muryarta a na'urar ajiye saƙo: "Murtalana, Kulu ce. Na san ba ka ci komai ba sai burodi. Ka ci abinci, ka kira ni, in ba haka ba na yi fushi."

Da magana ta yi nisa, ya sa babbar riga ya tafi garin Pleasant Garden gaida mahaifinta, Malam Zabeirou. Tsohon ya karɓe shi da fara'a, har ya sa aka kawo fura.

"Ɗan wa a Tasawa?"

"Ɗan Chaibou, Baba."

"Wane Chaibou?"

"Wanda ya yi aikin gardi, dogarin Turawa."

Malam Zabeirou ya ajiye ludayi. Ya kau da kai har Mourtala ya yi sallama.

Washegari Kouloussoum ta faɗa masa dalili tana kuka. Mahaifinta ɗan jam'iyyar Sawaba ne. A ƙuri'ar 1958 shi da wansa Sanusi suka bi ƙauyuka suna roƙon mutane su ce wa Faransa a'a, a ba Nijar 'yancinta nan take. Aka kayar da su, aka haramta jam'iyyar, aka shiga kame. Sanusi ya mutu a tsare. Zabeirou ya tsere Kano, daga can Akara, daga baya ya faɗo Amurka. Gardin da ya zo da igiya ya tafi da Sanusi kuwa, Chaibou ne.

"Amma Kulu, ni fa ko haifata ba a yi ba!"

"Na faɗa masa. Cewa ya yi jini ɗaya ne."

Mourtala ya tura limami, ya tura dattawan Nijar na gari. Kowa ya dawo yana girgiza kai. Ana cikin haka sai ga Hisham, ɗan Kano mai digiri na uku a tarihi, ya fara zuwa gidan da rikoda yana ɗaukar labarin tsohon. Hisham ya iya baki, ya san sunan kowace jam'iyya da ta yi faɗa da mulkin mallaka daga Gini har Kenya. Malam Zabeirou ya koma kiransa "ɗana", yana yabonsa a gaban Kouloussoum safe da yamma.

Wata Asabar Mourtala na jiran fitilar hanya a Wendover ya hango Kouloussoum a gaban motar Hisham. Ya koma ɗaki ya zare wayar daga bango.

Ta same shi a sito lokacin hutun rana, idonta jajur.

"Motata ce ta mutu, Baba ya sa shi ya kai ni aiki. Shi ke nan sai ka kashe waya? A gida ina faɗa da Baba saboda kai, a waje kuma in yi faɗa da kai?"

"To ya zan yi, Kulu? Shi yana da tarihin da babanki ke so. Ni nawa tarihin igiya ne."

"Ni ba tarihi zan aura ba. Amma ka sani, ba zan yi aure ba da albarkar Baba ba, kuma ba zan auri kowa ba in ba kai ba."

"Wato mu tsufa a haka."

"In ta kama."

Ya kira mahaifinsa a Tasawa, ta wayar wani maƙwabci, ya roƙe shi ko da kalma ɗaya ta ban haƙuri. Muryar tsoho Chaibou ta zo tana yankewa.

"Haƙurin me? Kumandan, shugabanmu, ya ce kamo, na kamo. Da na ƙi, ni za a ɗaure, ku kuma babu ku. Mata sun ƙare ne a Amurka?"

Mourtala ya ajiye kan wayar. Tsofaffi biyu, teku a tsakaninsu, kowanne ya kafe, shi da Kulu kuma suna tsakiya ana jan su.

Sanyi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa ya wuce. Hisham ya gaji da gaisuwar da ba a amsawa da murmushi, ya kammala bincikensa ya koma gida. Malam Zabeirou dai bai motsa ba.

Wata Lahadi da la'asar Mourtala ya tafi shi kaɗai, ba ɗan rakiya. Ya tarar da tsohon a bayan gida yana ba kuɓewarsa ruwa. Ya durƙusa.

"Baba, ban zo da hujja ba. Abin da mahaifina ya yi, ya yi, kuma ba zan tsine masa ba, ubana ne. Ina son Kouloussoum. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

"Tashi ka fita min daga gida."

"Ba inda za shi."

Tanti Aissa ce, matar marigayi Sanusi, wadda ke zaune tare da su tun da aka ɗauko ta daga Tasawa. Ta sauko daga baranda tana dogara sanda.

"Zabeirou, mijin wa aka ɗaure? A gabana aka sa masa igiya, ina da ciki. Kai ka gudu, ban taɓa ganin laifinka ba. Ni na zauna, ina haɗuwa da Chaibou a kasuwa shekara da shekaru. In akwai mai ikon riƙe wannan fushi, ni ce."

"Aissa, jinin ɗan'uwana..."

"Ɗan'uwanka ya yi yawon ƙauyuka ne don yaran da za a haifa su zaɓi abin da suke so. Ga su an haifa. Yarinyar nan tana ramewa a gabanka, kai kana shayar da kuɓewa. Ni dai na gaji da makoki. Ina so in ga biki kafin in mutu."

Ruwa ya yi ta kwarara a gindin shuka har ya yi tabki. Tsohon ya juya baya. Can ya ce, ba tare da ya waigo ba, "Ka turo manyanka. Amma kada kowa ya ce min in gaisa da Chaibou."

Aka ɗaura aure a bazarar 1997, bayan sallar Juma'a. Da liman ya ambaci "Mourtala ɗan Chaibou", Malam Zabeirou ya runtse ido, sannan ya ce, "Na ba shi."

Da yamma ango da amarya suka durƙusa a gabansa. Kouloussoum ta riƙe gefen rigar mijinta.

Tsohon ya dube su. Sai ya ɗora tafinsa a kan 'yarsa, ya yi jim, ya miƙa ɗayan ya ɗora a kan Mourtala.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da ku, masu sauƙin kai fiye da ni."

Tanti Aissa ta rangaɗa guɗa, gidan ya amsa da amin.