Jan Tabon Goshin Habi

"Almu, ka rantse min ba za ka sa mata aska ba."

A bayan rumbu Sa'a ta faɗi haka, murya ƙasa-ƙasa, tana waige. Mijinta ya sauke zabirar wanzancinsa daga kafaɗa.

"Haba Sa'ata... ni zan cuci ɗiyata?"

"Ban ce za ka cuce ta ba. Ka dai rantse."

Bai rantse ba. Hannunta kawai ya riƙe.

Habi bakwaini ce. Lokacin cirar gyaɗa ta zo duniya, ba ta cika tafi biyu ba. Cikin auduga aka raine ta, har ta yi kumatu. Sai da suka dawo Matamaye daga wankan jego a Kurni, garin su Sa'a, wani ɗigo ja ya ɓullo mata a goshi, kamar cizon sauro. Wasa-wasa ya taso, ya yi jawur, ya kusa kai girman goro.

Iya, mahaifiyar Almu, ta ce mugun jini ne ya taru, a tsaga shi ya fita. Kar a ɗauki alhakinta, Iya ba muguwa ba ce. Ita ta goya yarinyar nan ranar da kowa ya fid da rai.

Ita kuwa Sa'a, a bakin rijiya wata mata daga Dawce ta ce mata, "Ɗana ma ya yi irinsa. Ku ƙyale shi, da kansa yake bajewa. Kar dai a taɓa, jijiya ce."

To, amma da wane baki za ta faɗa? Habi ƴar fari ce. Uwar kirki ba ta kiran sunan ƴar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, balle ta tsoma baki a sha'aninta gaban uwar miji. Duk son nan da ke cin ranta, a ɗaki take ɓoye shi.

Almu ya je wajen Iya ya faɗi maganar matar Dawce kamar daga bakinsa ta fito. Iya ta dube shi sama da ƙasa.

"Wanzami da tsoron jini? In ba ka iyawa, gobe in aika a kira Bawa na Ɗan Barto."

Bawa kuwa, shi ma wanzami ne, kowa ya san hannunsa da nauyi.

"Gara hannuna, Sa'a," in ji Almu, idonsa ya kaɗa. "Kaɗan zan taɓa... wallahi kaɗan."

"Almu, don Allah..."

"To ki fito ki faɗa wa Iya da bakinki. In kin faɗa, ni ma na samu abin dafawa."

Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Iya ta rungume jikarta, maƙwabta suka kewaye. Sa'a na tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu. Almu ya ɗago ya dube ta, yana jira. Ta buɗe baki za ta yi magana. Sai wata tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Ku ga mai kunya, ko kallon ɗiyar ba ta yi."

Sa'a ta sunkuyar da kai.

Kaɗan ya taɓa, kamar yadda ya ce. Jinin ne ya ƙi tsayawa. Aka danna auduga, aka zuba garin bagaruwa, duk a banza. Jinin bakwaini nawa yake?

"Ku ba ni ɗiyata!"

Sa'a ta fizge ta daga hannun Iya, ta fita ba mayafi, tana neman kamiyon gyaɗa mai zuwa Damagaram wajen lokotoro a asibiti. Kafin direba ya tada mota, jikin Habi ya saki a ƙirjinta.

Bayan sadakar bakwai Almu ya same ta a gidansu a Kurni, tana zaune ta zuba wa bango ido. Ya rame, ba zabira a kafaɗarsa. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Sa'a... ki zage ni. Ki ce wani abu."

"Yanzu? Ranar da ya kamata in yi magana ban yi ba."

"Ni na yanka ta."

"Ka jira ni, Almu. Na ga ka jira ni." Hawaye suka zubo mata. "Wa zai yafe wa wani a cikinmu?"

Ya kifa kansa a gwiwarta yana kuka kamar yaro. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗora hannu a kansa. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, don har yau nonon bai daina zuba ba.