Kwaɗon da Bahijja Ta Sa wa Ƙofar Ciyayya

"Wai baiwa aka kawo gidan nan ne, Hashim?" Bahijja ta dire kwano a gabansa. "Kullum sai na kai wa tsohuwar nan tuwo, ta tsare ni da labaran da ko uwata ba a haifa ba aka yi su."

Watansu bakwai da aure, auren soyayya kuwa, amma kullum maganar ke nan.

"'Yardada gwaggona ce, ita ta goye ni," in ji Hashim. "Ciyayyar nan Umma ta yi ta har ta rasu. Ƙofa ɗaya ce fa tsakaninmu da ita."

"To a kai ni filat kamar ƙawayena. Lungun Madabo ya ishe ni, ko netiwok sai na hau turmi."

Washegari Hashim ya tafi Maiduguri saro fatun da yake sayarwa a kasuwar Kurmi. Ko la'asar ba a yi ba, Bahijja ta garƙama kwaɗo a ƙaramar ƙofar da ta haɗa gidajen biyu. A duba fa, yarinya mai digiri, taku goma sha biyu ya gagare ta!

Ta ce za ta huta, hutun kuwa bai zo ba. Ta kwanta, ta tashi, ta leƙa hotunan ƙawaye har ranta ya ɓaci. Gidan ya zame mata kurkuku, ita ce fursuna, ita ce gandiroba.

Rana ta uku Hashim ya bugo waya. "Kwanon Gwaggo ya dawo yau?"

"Ban kai ba. Ai tana da abincinta."

"Bahijja, wa ya gaya miki don tuwo ake yi? Da kwanon nan muke sanin ta tashi lafiya."

Gabanta ya faɗi. Ta ruga ta buɗe kwaɗon, ta tura ƙofar, sai ta ji ta tokare da wani abu. 'Yardada ce kwance a ƙasa tun jiya, ƙugu a karye, kwanon dambu a kife kusa da ita.

"'Yar nan, lafiyarki kuwa?" tsohuwar ta ce da ƙyar. "Na ji ki shiru, na ce ko zazzaɓi ne, bari in kawo miki."

Da Hashim ya dawo ya same su a asibiti, bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. "In ta mutu, ban san da wane ido zan ƙara kallon ki ba," shi ne abin da ya ce.

Bahijja ta shimfiɗa tabarma ta zauna jinya. Akwai wata nas Kirista, Sista Laraba, mai wanke tsofaffi tana zolayar su kamar kakanninta.

"Sista, ke ba kya gajiya?"

"Ina gajiya mana, ƙafata kamar ba tawa ba. Amma a cocinmu an koya mana mai yi wa mara ƙarfi hidima Ubangiji yake yi wa. Ku ma ai kun san haƙƙin maƙwabci. Riƙe wa Gwaggo kafaɗa, amarya, ba a koyon wannan a waya."

Sati shida Bahijja ta yi tana riƙewa. Ta yi wa tsohuwar wanka, ta yi mata tsifa, ta saurari labaran nan har ta fara cewa, "Gwaggo, sai kuma aka yi yaya?" Rabon da ta yi dariya irin ta ɗakin nan, tun kafin biki.

Ranar da aka sallame su, ta miƙa wa Hashim kwaɗon tana hawaye. "Ka yafe mini."

Ya juya shi a hannu, ya yi murmushi. "Maganar filat fa?"

"Wa zai kai kwano?"

Wanda ya kulle ƙofa don kada a dame shi, ya tuna cewa shi ne a ciki.