Dutsen da Ke Huci a Ƙasan Rijiya

Ku matso, ku rage murya. Wannan a wani ƙauye ya faru can bakin kogin Gongola, kuma da rana tsaka ne.

Gwadabe da ƙanensa Sallau haƙar rijiya ce sana'arsu. Sallau ke shiga da igiya ɗaure a ƙugu, Gwadabe na sama yana jan ƙasa. A wata gona nesa da gari suka yi ta haƙa har suka iske wani baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle. Ba tsaga a jikinsa, ba rami. Amma da Gwadabe ya jefa guntunsa cikin ruwan wanke hannu, sai ya ga 'yan kumfa na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ya kara shi a kunne. Dutsen na huci a hankali.

Ya ce su tashi haka nan. Sallau ya ce ai ruwa ya kusa, ya koma ciki.

Can sai ga wata tsohuwa tsaye a bakin rijiyar. Ba sallama. Ta tako ɗanyar lakar da suka zubar, amma ba sawu. Da ta yi magana leɓɓanta ba su motsa ba. Muryar ta duk jikinta take fita, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa daga sabuwar randa.

Ta ce wa Gwadabe dutsen nan gida ne. Ƙofofinsa ƙanana ne, ko silin gashi ba ya shiga. Na cikinsa tun kafin a kafa gari suke tafe, daga wannan ƙofa zuwa waccan, su matsu, su liƙe a bango, su sake motsawa. Mutum zai tsufa ya mutu ba su ci taƙi guda ba.

"Yau ƙanenka ya gajarce musu hanya," in ji ta. "Ba mugunta ce ba. Wuri suke nema, iskar da yake shaƙa za su ture."

Ƙarar digar Sallau ta ɗauke.

Gwadabe ya leƙa, ya kira sunan ƙanensa. Sai da aka jima amsa ta taso, siririya.

"Yaya, barci nake ji."

Ya ja igiya. Ko motsi. Ya ja har tafin hannunsa ya saluɓe. Ya ƙwala kira, gona ba kowa. Ya zura ƙafa zai sauka, tsohuwar ta ce in ya shiga gawa biyu za a fitar. Ya durƙusa gabanta yana hawaye.

"Inna, ki roƙar mini su."

"Ba sa ji. Ba sa kuma komawa."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗora yatsa ɗaya a kan igiyar, sai igiya ta yi sakayau. Gwadabe ya yi ta ja har Sallau ya fito, kai a langaɓe. Ko da Gwadabe ya waiga, ba tsohuwa.

Sallau ya rayu, amma ba duka ya fito ba. Bai ƙara gane matarsa ba. Sunan Gwadabe ma ya ɓace masa, duk da shi ke ba shi abinci a baki har yau.

An cike rijiyar, amma ciyawa ta ƙi tsirowa a wurin. Kada ɗayanku ya bi ta gonar nan shi kaɗai. In kuwa ya bi, ya ji barci na fizgarsa, kada ya zauna.