Gidan Kwali

Ranar da makarantar su Auta ta tara iyayen 'yan aji biyar kan shirin shiga jami'a, Yaya ce ta je, domin ciwon gwiwa ya hana Baba hawa matakala. Tun rasuwar Umma ita ce uwa a gidan, ita ce kuma mai kemis ɗin bakin titi. A can ta koyi halin da ya bi jininta: ba ta yarda da kwalba sai ta juya ta karanta bayanta. Haka take yi wa mutane ma.

A zauren taron ta fara ganinsa. Malamin zane ne, dogo, hannun riga a naɗe, fensir maƙale a bayan kunne. Yana bayanin cewa darussan da yaro ya riƙe a bana su ne za su buɗe masa ƙofar jami'a ko su rufe ta, sai idonsa ya faɗa cikin nata. Magana ta sarƙe masa, ya hau laluben aljihu yana neman fensirin da ke kunnensa. Yaya ta danne dariya, nan take kuma ta ja wa zuciyarta kunne.

Da aka tashi ya tare ta a baranda.

"Ke ce yayar ɗalibata mai tabarau? Yarinyar nan tana da hannu."

"Hannun likita," in ji Yaya. "A gidanmu an gama wannan magana."

An gama kuwa. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin jinya, likitoci na aikensa, ya ƙudura sai ya ga likita a cikin 'ya'yansa. Makin Yaya bai kai ba, saura Auta. Malamin ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya haɗiye. Yaya ta ajiye wannan haɗiyar a ranta.

Ba a daɗe ba Auta ta canja. Duk Asabar sai ta ce tana da darasin bayoloji, ta dawo da gam a yatsu da murmushin da bayoloji bai taɓa sa kowa ba. Wata safiya wayar Auta ta yi haske a kan tebur, idon Yaya kuwa ba ya neman izini.

"Ki rufe shi da kyau kada wani ya gani. Kin gaya mata kuwa?"

Sunan malamin zane ne a saman saƙon. Tsoro ya kama Yaya saboda ƙanwarta, a ƙarƙashin tsoron kuma akwai wani zafi da ta ji kunyar kiran sunansa.

Asabar na zuwa ta rufe kemis ta bi bayan Auta. Ta banka ƙofar ɗakin zane da masifa cike da bakinta, sai ta tarar da ɗalibai cike da ɗaki suna yanka kwali, wata malama na gefe tana duba littattafai. Auta ta yi wuf ta jefa mayafi a kan abin da ke gabanta.

"Yaya, don Allah kada ki gaya wa Baba," ta ce. "Zanen gine-gine nake so. Sai 'yan jami'a sun ga aikin hannuna za su ɗauke ni, kuma dole in canja darasi kafin zangon nan ya ƙare. Jini ma in na gani jiri nake ji."

"Tun farko na ce ta gaya miki," in ji malamin. "Sirrinta ne, ba nawa ba."

Yaya ta rasa inda za ta sa fuskarta. Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"'Yar Sanda, an kama mai laifin ko ana kan bincike?"

Ta ƙudura ba za ta amsa ba. Ba ta ma ajiye wayar ba ta amsa.

"Ana kan bincike, Mai Fensir. Kada ka bar gari."

Shi kenan, hira ta ƙulle. Mutumin da ko mura ba ya yi ya zama kullum yana kemis neman maganin ciwon kai. Yakan rubuto mata, "Yau na ja layi ya karkace. Laifinki ne, 'Yar Sandata." Ta karanta, ta sake karantawa, sannan halin nata ya motsa. Me ya sa bai taɓa kula ta ba sai da ta gano sirrin? Me ya sa duk zaƙin bakin nan bai taɓa cewa zai zo gida ba? Kowa ya san ita kaɗai Baba ke saurara. Ashe dai gada aka mai da ita, a taka a kai ɗaliba tsallake, a bar ta nan.

Sai ta haɗa masa tarko, ta rubuta ƙarya tsagwaronta.

"Na gaya wa Baba. Ya ce a'a, likita za ta karanta. Magana ta mutu."

"Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya amso. Daga nan shiru. Ciwon kai ya warke, waya ta yi tsit. Yaya ta ce wa kanta ai ta sani, ai dama ta faɗa. Ba ta taɓa jin haushin samun gaskiya irin na wannan karon ba, har kuka ta yi a bayan kantar kemis tana jera kwalabe.

Ranar hutu da hantsi aka yi sallama. Ta leƙa ta labule, sai ga malamin a falo gaban Baba, cikin kaya masu guga, babu fensir a kunne.

"Baba, na daɗe ina son zuwa," ya ce kansa a ƙasa. "Na ƙi ne don kada a ce ina neman babba saboda a biya wa ƙarama buƙata. Tunda yanzu kun yanke maganar Auta, na zo neman izini in turo manyana."

"Wace maganar Auta?" in ji Baba.

Yaya na bayan labule tana ji. Tarkonta ya kama, amma ƙanwarta ya kama. Dole ta fito ta durƙusa ta warware komai, har da ƙaryar. Fuskar Baba ta haɗe.

"Wato ka juya mini kan ƙaramar, yanzu ka zo ɗaukar babbar. Ni kuma ina zaune a gidana kamar kujera. Tashi ka ba ni wuri, malam."

Kafin ya miƙe Auta ta shigo rungume da abin nan mai mayafi, ta ajiye a gaban Baba ta yaye. Gidansu ne, na kwali, har da tagar kicin da ba ta rufuwa. Abu ɗaya ta canja. A inda matakala take ta yi wata hanya mai gangara a hankali, da abin riƙewa a gefe, ta zagaya har ɗakin sama, ɗakin Umma, wanda Baba bai sake shiga ba tun da gwiwarsa ta ƙi.

"Maganin gwiwarka ya fi ƙarfina, Baba," ta ce. "Amma zan iya mayar da kai sama."

Baba ya ɗora yatsa a kan hanyar, ya bi ta sannu a hankali har ƙofar ɗakin. Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba. Sannan ya dubi Auta.

"Gobe ki canja darasin." Ya juya ga malamin. "Kai kuma zan bincike ka ciki da waje."

"An riga an yi, Baba," in ji malamin. "Binciken da ya fi naka tsanani."

A bakin ƙofa Yaya ta roƙi malamin ya yafe mata ƙaryar. Ya ce zai duba, amma sai ta maimaita a gaban shaidu.

An ɗaura auren a makon da sunan Auta ya fito a jami'a. Kafin nan an gina hanyar da siminti, yadda ta zana ta. Da za a tafi da amarya, Baba ya ce ba a falo zai sallame ta ba. Ya kama ƙarfen gefe ya hau da ƙafarsa, 'ya'yansa na biye, ya zauna a bakin gadon Umma ya dafa kan Yaya.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ke kuma a rage bincike."

A cikin mota wayarta ta yi haske, alhali mai saƙon na zaune a gefenta.

"Matata, an rufe bincike?"

Ta share hawaye, ta zare fensirin da ya koma kunnensa har a ranar aure, ta kama tafin hannunsa ta rubuta: "An rufe."